Ɗigon Fenti a Ƙafar Gaba

Babur ɗin na mahaifinmu ne, tun ban san hagu da dama ba nake jin ƙararsa. Malamin gona ne shi, a kansa yake zaga ƙauyukan Gaya da Ajingi yana duba gyaɗa da gero, ya dawo da yamma rigarsa na warin fetur da taki. Baƙi ne wuluk, mai dogon tanki, irin na da, wanda sai mutum biyu sun yi nishi kafin su ɗaga bayansa. Da Allah ya yi wa Malam rasuwa, haka muke kiransa a gida, sai aka jingine babur ɗin a ɗakin da muke zuba ƙaiƙayi, kaji suka mai da sirdinsa wurin kwana. Ya fi shekara goma a nan. Da an bar shi a inda yake, da yau ba ni da abin rubutawa.

Ƙanena ne ya fito da shi. Mu biyu ne maza a ɗakin Inna, na ba shi shekara bakwai. Ni na yi boko na kama aikin ofis, shi ya riƙe gonakin gida a wajen Balan, yana da aure da 'ya'ya biyu a lokacin. Mutum ne mai shiru-shiru, in ka yi masa faɗa sai ya sunkuyar da kai ya ce to. Ni kuwa duk gidan an san ni. Ba na son a maimaita mini magana, ba na kuma son a nuna mini na yi kuskure, musamman a gaban mutane. Ban ce hali ne mai kyau ba, amma nawa ne.

A shekarar ne wasu masu sha'awar tsofaffin babura suka haɗa ƙungiya, suka ce in an gama kaka za su yi tsere a wani fako da ke tsakanin Gaya da Ajingi. Ba irin gudun banzan da ake yi a kan titi ba. Fili suka share suka zagaye shi da tsofaffin tayoyi, kowace kwana aka jibge buhunan ɓawon gyaɗa, don wanda ya kauce ya faɗa kan taushi. Suka kuma kafa doka: babu babur ɗin da zai shiga sai an duba shi kwana biyu kafin ranar, an tabbatar lafiyarsa ƙalau. Ƙanena ya jiwo labarin a kasuwa, ya dawo gida ya buɗe ɗakin ƙaiƙayi.

Inna ba ta so ba. Ba ta fito ta hana ba, amma ta ce babur ɗin ya riga ya gama aikinsa, a ƙyale shi ya huta kamar mai shi. Ta tuna mana ranar da Malam ya yi karo da jaki a hanyar Kademi, aka kawo shi gida a amalanke, ƙafar gaban babur ɗin ta lanƙwashe. Na ce mata ai wannan tsohon zance ne, tun a lokacin aka yi wa ƙafar walda, ya kuma ci gaba da hawa har ya bar aiki. Daga ranar ba ta ƙara bi ta gefen da muke aikin ba, in za ta madafi sai ta zagaya ta bayan rumbu.

Wata biyu muka yi a kansa, kullum bayan la'asar in na taso daga aiki. Muka sauke tanki muka yi ta girgiza shi da tsakuwa da kananzir har tsatsa ta daina fita. Muka wanke kafireto, muka sa sabon fulogi, muka jiƙa sarƙa kwana uku kafin ta yarda ta motsa. Wayar birki da ta kuloci duk sababbi muka sa. Ƙanena ne mai hannu, ni ne mai baki. Ina tsaye a kansa ina cewa ba haka ba ne, yana cewa to, yana kuma yin abin da ya san shi ne daidai. Ranar da injin ya tashi, bayan an yi ta bugu har ƙafar ƙanena ta gaji, hayaƙi ya cika tsakar gida, kaji suka tarwatse. Ƙarar nan ita ce dai, ba ta canza ba, irin wadda muke ji daga bakin gari mu ruga mu buɗe ƙyaure. Wallahi sai da na juya baya na share ido. Ƙanena yana ta dariya, ban taɓa ganin haƙoransa a waje haka ba.

Daga nan muka bi takardar dokokin ƙungiya layi-layi. Aka cire madubai. Aka manne gilashin fitila da salatif don kada ya tarwatse a fili. Notin da ke toshe baƙin mai aka huda shi aka ɗaure da waya, don in ya kwance ya zubar da mai, na baya ne zai sha santsi. Ƙanena ya samo hular kwano da takalmi sau-ciki da safar hannu. Komai ya yi daidai, sai abu ɗaya.

Ƙafar gaba. Irin girmanta ya ɓace a kasuwa, mun tambaya a Gaya babu, na aika Kano aka ce sai dai a jira. Tayar ta yi tsage-tsage don daɗewa, rim ɗin kuma, wato ƙarfen da tayar ke zaune a kansa, ga tabon waldar nan a jikinsa, ya yi tudu, fenti ya rufe shi. In ka ɗaga gaban babur ɗin ka juya ƙafar, sai ka ga tana rawa kaɗan, hagu da dama, duk sanda tabon ya zagayo. Ƙanena ya daɗe a tsugune yana kallonta wata rana, sannan ya ce mini a hankali wannan ƙafar ba za ta wuce duba ba.

Na yi dariya. Ni za a gaya wa duba? A wajenmu aro ba abin kunya ba ne. Ana aron shanun huɗa, ana aron tabarmi ranar suna, ana aron babbar riga a je ɗaurin aure a dawo a ninke a mayar. A wurin aiki kuwa, na fi kowa sanin yadda ake yi. In an ce baƙi za su zo duba, kujeru ma daga maƙota ake ɗebo su, a jera, baƙi su gani su yi rubutu su sha lemo su tafi, da yamma kowace kujera ta koma gidansu. Kowa ya sani, har masu dubawar. Duba rana ɗaya ce, na ce masa, in ta wuce ta wuce.

Duk yankin mutum ɗaya ne ya rage da irin babur ɗinmu, wani dattijo mai sayar da man gyaɗa a Kademi, tsohon abokin Malam. Na je na durƙusa na gaishe shi, na faɗi abin da ya kawo ni. Bai yi gardama ba, da kansa ma ya miƙo mini sifana. Sharaɗi ɗaya ya gindaya: ƙafarsa ta dawo kafin ranar kasuwar Ajingi, don a kan babur ɗin yake kai jarkokin mai. Na ce to, in Allah ya yarda. Na sani sarai ranar kasuwar ita ce ranar tseren, don saboda taron jama'a ma aka zaɓe ta. Ban gaya wa dattijon ba, ban kuma gaya wa ƙanena sharaɗin ba. Ya ga na dawo da ƙafa lafiyayya, ya ɗauka tamu ce har a gama.

Ranar duba muka tura babur ɗin zuwa gindin wata tsamiya a bakin fakon. Wanda ƙungiya ta ɗauko tsohon bakanike ne, siriri, gemunsa fari fat, ya daɗe da ajiye aiki. Kayan aikinsa biyu ne kawai, ƙaramar sifana da gwangwanin fenti rawaya da gashin kaza a ciki. Tun daga nesa na gane wannan ba irin masu duban da na sani ba ne. Ba ya kallon takarda, ba ya kallon fuskar mai babur. Sai ya tsuguna, ya sa a ɗaga masa ƙafa, ya juya ta, ya ɗora bakin sifanar a kan siraran wayoyin ƙafar suna wucewa suna ƙara, ya kawo kunne kusa, ya rufe ido. In waya ɗaya ta yi sanyin murya sai ya tsai da ƙafar daidai kanta. A gabanmu ya kori babura biyar. Wani har da kama masa gwiwa yana roƙo, tsohon bai ko ɗago kai ba, ya ce na gaba. Duk abin da ya yarda da shi sai ya ɗiga masa fenti: birki, sarƙa, noti, cibiyar kowace ƙafa. Ranar tsere ba za a sake dubawa ba, ɗigon kawai za a ƙirga a bakin shiga.

Da aka zo kanmu ya daɗe yana shafa tankin. Ya ce wannan na malamin gona ne. Muka ce shi ne. Ya yi wa Malam addu'a, sannan ya tsuguna a gaban ƙafar aro, ya bi rim ɗin da yatsa zagaye guda kamar mai neman wani abu. Ya juya ta ya saurara. Sai ya gyaɗa kai.

Ya ce, "Kun canza ƙafa. Kun kyauta. Waccan ni na yi mata walda da hannuna, na kuma gaya wa mahaifinku ta zuwa gona ce, ba ta gudu ba. Ku kai ta bola."

Ya ɗiga fentinsa a cibiyar ƙafar. Ƙanena ya ce mun gode, Baba. Ni ma na ce mun gode. A hanyar gida ƙanena yana ta lissafin kwanonin filin, wacce zai shiga da giya ta biyu, wacce da ta uku. Ni ban ji rabin abin da yake faɗa ba.

Washegari bayan azahar mai man gyaɗa ya zo da kansa, a kan keke, duk tsufansa. Ƙanena yana Balan yana ɗaure harawa. Na roƙi dattijon ya ƙara mana kwana ɗaya tak. Ya ce mata sun riga sun matse mai, jarkoki a cike suke, in bai kai gobe ba masu saye za su koma wajen wani. Bai ɗaga murya ba, ya dai tuna mini abin da na ce da bakina. Gaskiyarsa ce, kayan aro in mai shi ya zo babu sauran magana. Na kwance ƙafar na ɗaure masa a bayan keke, na raka shi har bakin hanya.

Na dawo na tsaya ina kallon babur ɗin, gabansa a kan turmi, babu ƙafa. Tsohuwar ƙafar tana jingine a bango inda muka yar da ita. Na ɗauko ta na goge, na ɗaura, na ɗaure noti tamau. Sannan na je wajen wani mai rubuta allunan shaguna a cikin Gaya na ce ya ɗan sam mini rawayan fenti a murfin kwalba. Bai tambaye ni na mene ne ba. Da tsinken tsintsiya na yi ɗigon, daidai inda tsohon yake yin nasa, daidai girmansa. Tsinken ya ɗan goce, fentin ya shafi gefen farcen babban yatsana. Na goge da tsumma bai fita duka ba.

Kafin magariba ƙanena ya dawo. Ko ɗaurin harawar bai sauke ba ya tsaya cak. Mutumin da ya yi wata biyu a tsugune gaban babur ba za a ɓoye masa ƙafa ba. Na gaya masa yadda aka yi, a taƙaice, ina ɗaure fuska don kada ya ja zancen. Ya sauke kayan, ya tsuguna, ya kalli tabon waldar, ya kalli ɗigon. Ya taɓa shi da yatsa, ya ga ɗanye ne.

Ya ce, "Yaya, ka ji dai abin da tsohon nan ya faɗa. A bari sai baɗi."

Nan raina ya ɓaci. Na riga na cika ofis da labari, har waɗanda ba sa gaisawa da ni sun san babur ɗin Malam zai yi tsere. Na ce masa wata biyu muna wahala sai yanzu zai kawo mini zancen baɗi? Na ce Malam ya yi shekaru a kan ƙafar nan, da damina da rani, bai mutu a kanta ba. Na ce tsofaffin bakanikai haka suke, komai sai sun zuzuta don a san da su. Zagaye shida ne kawai, ba Kano za shi ba. Duk wannan bai motsa shi ba, kansa na ƙasa. Sai na faɗi wadda na san za ta shige shi. Na ce in tsoro yake ji ya fito fili ya faɗa, ni in hau, ko da ban iya ba.

Sai ya miƙe ya karkaɗe gwiwarsa ya ce, "To, Yaya."

Da safe Inna ta dama masa koko, ya sha rabi ya ajiye. Da muka zo fita da babur ɗin sai ga ta a bakin zaure, ita da ta yi wata biyu tana kauce masa. Ta ɗora hannu a kan tankin, ta yi addu'a a ciki, leɓɓanta kawai ke motsi. Ta kalle ni ta ce in kula da shi. Na ce haba Inna, an duba an tabbatar, ga shaida nan. Har nuna mata ɗigon na yi.

Fakon ya cika, 'yan kasuwa da masu wucewa duk sun tsaya. A bakin shiga wani ɗan ƙungiya ya sunkuya ya ƙirga ɗigo, birki, sarƙa, noti, ƙafar baya, ƙafar gaba, ya ce mu wuce. Tsohon bakaniken yana can zaune a gindin tsamiya a kan benci. Ni na riƙe babur ɗin, na kuma san yadda na bi da shi ta bayan jama'a don kada gabansa ya fuskanci tsamiyar. Kafin a tashi aka tara mu masu babura aka maimaita mana doka: duk wanda ya ga abin da bai gamsu da shi ba a babur ɗinsa, ya ɗaga hula sama, za a ɗaga jan ƙyalle a tsai da nasa. Na cire hulata na riƙe a hannu.

Babura takwas suka tashi. A zagayen farko ƙanena yana na biyar. A na biyu ya wuce mutum biyu a miƙaƙƙen layi, baƙin babur ɗin nan yana ruri irin na da, jama'a suka fara kiran na malamin gona, na malamin gona. Ni idona na kan ƙafar gaba. Akwai wata kwana mai tsanani a can ƙarshen filin, duk sanda ya kwanta a cikinta sai in ga kan babur ɗin ya girgiza, ya ƙwace, ƙanena ya kamo shi da ƙarfin dantse. A zagaye na uku girgizar ta fi ta baya. Da ya zo wucewa ta gabana ya ɗan juyo da kai wajena. Ban ga fuskarsa ba saboda hular kwano, amma na san ni yake nema. Ya riga ya kai na biyu a lokacin. Abokan aikina biyu suna gefena suna dukan kafaɗata. Hular tana hannuna, na matse ta har ta jiƙe da gumi, ban ɗaga ba.

A zagaye na huɗu bai ma kai ga buhunan ba. Yana taka birki don shiga kwanar, ƙafar ta naɗe. Ƙarar ba ta da yawa, kamar an karya kara. Gaban babur ɗin ya nutse, bayansa ya tashi, na ga ƙanena a sama, sannan a kan tsurar fako, ta kafaɗar dama. Injin ya ci gaba da kuka a kwance har wani ya je ya kashe shi.

Bai mutu ba, alhamdu lillahi. Kafaɗar ta farfashe, dantsen ya karye biyu. Ya yi makonni a asibiti a Kano, aka sa ƙarfe aka cire. Har yau hannun ba ya wuce ƙirjinsa. In zai gaisa sai ya tallafo shi da na hagu, garmar shanu kuwa ya bar riƙe ta ke nan.

Kwana uku da dawo da shi gida tsohon bakaniken ya zo dubiya. Inna na zaune a bakin gado, ni ina tsaye a jikin ƙofa. Bayan gaisuwa ya zaro wani guntun ƙarfe daga aljihu ya ajiye a kan tabarma. Ɓallin rim ne, da tabon waldarsa a jiki. Ya ce ya gane aikin hannunsa, ya kuma ga ɗigon da ke cibiyar ƙafar, ba nasa ba ne. 'Yan ƙungiya suna cewa kunnensa ya tsufa, shi ya sa ya zo, ba don rigima ba. So yake kawai ya san wanda ya ɗiga.

Na buɗe baki, Allah ya sani na buɗe, amma ban san abin da zai fito ba, kuma ban samu na sani ba.

"Ni ne, Baba," in ji ƙanena daga kwance. "Yaya bai sani ba."

Inna ta rufe fuska da mayafi tana cewa don me, don me za ka yi wa kanka haka. Tsohon bai kalli ƙanena ba. Hannuna ya kalla. Makonni sun wuce, farcen ya tofo, amma a can gefe, a cikin lungun fata, akwai sauran rawaya ɗan ƙanƙani da sabulu ya kasa fitarwa. Ya ɗauki ƙarfensa ya mayar aljihu, ya ce Allah ya ƙara sauƙi. Da ya zo fita na matsa masa hanya, ya wuce abinsa.

Ƙungiya ta soke sunan ƙanena har abada. A gari aka yi ta cewa shiru-shirun nan ashe na munafunci ne. Inna ta rasu tana ganin shi ya jawo wa kansa, ni kuma tana sa mini albarka saboda zaryar asibitin da na yi. Babur ɗin ya koma ɗakin ƙaiƙayi, gabansa a kan turmi. Ni da ƙanena ba mu taɓa tayar da zancen ba. Yana gaishe ni kullum da safe kamar da, yana ce mini Yaya, in na yi magana ya ce to.

Bara da damina injin feshin ƙanena ya lalace, daidai lokacin da wake ya fara fure, ƙwari sun sauka. Nawa sabo ne, yana rataye a ɗaki ba na komai da shi. Na saɓa shi da kaina har gonar Balan, na same shi a tsakiyar kunyoyin wake yana duba ganye da hannun hagu. Na ajiye a gabansa na ce ya yi amfani da shi, in ya gama ya dawo mini da shi duk sanda ya ga dama.

Ya kalli injin, ya kalle ni, fuskarsa babu fushi ko kaɗan.

Ya ce, "Na gode, Yaya. Ni na daina aro."

Na ce to na ba shi kyauta, halak malak. Ya ce a'a, zai jira a gyara nasa. Ban yi faɗa ba, karo na farko a rayuwata faɗan ya ƙi zuwa. Na saɓa injin na dawo da shi gida na rataye. Sai da aka yi kwana tara kafin nasa ya gyaru, kuma waken shekarar ƙwari suka cinye fiye da rabinsa.